Haƙƙin Jariri A Kan Ubansa

 Darasin wannan mako a kan jariri yake, tun daga daren da aka haife shi har zuwa ranar da aka yaye shi, da kuma wanda shari'a take kamawa idan aka tozarta shi a cikin wannan tsakani.

A garuruwan da ke gabas da birnin Sakkwato, tun daga Goronyo da Wurno a kwarin Rima har zuwa Rabah a bakin gulbin Sakkwato, abin da ake jira daga magidanci idan an yi masa haihuwa sananne ne. Zai sayi itacen wankan jego, da ƙauri, da goro, da turmin zane, da ragon suna. Da an yanka rago jama'a sun watse, to, a idon mutane ya sauke nauyi ke nan. Abin da ya rage kuwa, watau nono da cibiya da barci da ciwo, sai a ce wannan sha'anin mata ne, namiji ba ya sa baki. In ɗan fari ne ma sai a haɗa da kunya: matar ta tafi wanka gidan iyayenta, uban ya yi kwana arba'in bai ɗauki ɗansa ba, a kuma yaba masa a ce ya san ya-kamata.

Ba haka littattafan da ake karantawa a zaurukan waɗannan garuruwa suka tsara al'amarin ba. Aya ta 233 a cikin Suratul Baƙara ta yanka wa shayarwa shekara biyu cikakku ga mai son cikawa, ta ɗora abinci da tufafin mai shayarwa a wuyan wanda aka haifa wa ɗan gwargwadon halinsa, ta hana a cuci uwa ko uba ta hanyar ɗansu, sa'an nan ta sanya yaye kafin lokaci a kan yarda da shawara tsakanin su biyun. Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan wannan na ƙarshe. Ba a neman shawarar mutum a kan abin da bai san halin da yake ciki ba. Uban da ayar take magana da shi uba ne wanda ya san ko ɗansa yana ƙoshi ko ba ya ƙoshi.

Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya bayyana a cikin Risala cewa yankan suna sunna ce abin so, dabba ɗaya ga namiji ko mace, a rana ta bakwai. Malaman Malikiyya ma sun karhanta a mayar da ita walima. Amma ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba, babu saɓani. Saboda haka wanda ya ci bashi ya sayi rago don kada a yi da shi a unguwa, sa'an nan bayan kwana uku ya rasa kuɗin motar kai jariri asibiti, ya gabatar da mustahabbi a kan wajibi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi.

Anas ɗan Maliku ya ba da labarin yadda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi da ɗansa Ibrahimu. An ba da yaron shayarwa a gidan wani maƙeri mai suna Abu Saifi a gefen Madina. Manzon Allah yakan tashi takanas ya tafi can tare da sahabbansa, ya shiga gidan alhali ya cika da hayaƙin maƙera, ya ɗauki yaron ya sumbace shi, sa'an nan ya komo. Ga shugaban al'umma, da aikin da ke kansa, amma bai ce tun da akwai mai shayarwa ya huta ba.

Abin Da Ke Fara Shiga Bakinsa

Wuri na farko da ake bukatar bakin uba shi ne maganar dakashi, watau nonon nan mai kauri, mai ɗan rawaya, wanda ke fara zuwa bayan haihuwa. A gidaje da yawa har yanzu ana ganin ƙazanta ne, sai a tatse shi a zubar, a riƙe jariri kwana biyu ko uku da ruwan ɗumi, ko madarar akuya, ko zuma, har sai nono ya yi fari. Wasu tsofaffi ma sai sun gwada nonon da wuƙa mai zafi ko da kiyashi kafin su yarda a ba shi.

Gaskiya ne akwai daga malaman da suka gabata wanda ya karkata ga wannan. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kawo a cikin Tuhfatul Maududi cewa ya fi kyau wata mace ta shayar da jariri kwana biyu ko uku na farko saboda kaurin nonon uwa a lokacin. To, amma wannan ba aya ba ce, ba kuwa hadisi ba. Ra'ayin likitocin zamaninsa ne ya ɗauko, kuma ko a nan nonon mace ya ambata, bai ambaci ruwa ba. Malaman Shafi'iyya kuwa, kamar Imamu Nawawi a cikin Minhaji, sun wajabta wa uwa ta ba ɗanta dakashi, ko da an sake ta, bisa hujjar cewa jariri ba ya ƙarfi in babu shi. Binciken likitoci na wannan zamani ya faɗa ɓangaren Nawawi. Dakashi ɗauke yake da garkuwar jikin uwa, yana shafe hanjin jariri ya tsare shi daga ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Tsotson da jariri zai yi a cikin sa'ar farko yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Ko da ya yi kamar kaɗan ne, ya isa, domin cikin jaririn kwana ɗaya ɗan ƙarami ne ƙwarai.

Masu ba da zuma ko ruwan dabino sukan kafa hujja da abin da Manzon Allah ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu a Ƙuba, sa'ad da Asma'u 'yar Abubakar ta kawo shi. Abin da ya zo shi ne ya tauna dabino ya goga masa a dasashi. Gogawa ce sau ɗaya, ba ciyarwa ba ce, ba ta kuwa hana a sa yaro a nono nan take. Zuma kuma, duk da falalarta ga babba, likitoci sun hana a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa, ta saki gaɓoɓinsa har numfashi ya gagara.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi wuyar karɓa a ƙasar da zafin bazara kan haura maki arba'in. Uwa takan ce in ita tana jin ƙishirwa haka, ina ga wannan ɗan tsurut? Tausayi ne, ba mugunta ba. Amma fiye da kashi tamanin cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa nono zalla ya wadaci jariri har wata shida, ko a ƙasashe masu zafi. Ruwan da za a ɗebo daga randa, wanda aka jawo daga rijiya ko daga gulbi, illa biyu gare shi: ya cika cikin yaro ya rage tsotso, nono ya ragu, ya kuma shigar masa da gudawa. Mutanen kwarin Rima ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, sa'ad da ruwan madatsar Goronyo ya shafe ƙauyuka ya haɗe rijiyoyi da masai. A irin wannan hali jaririn da ke kan nono zalla shi ne ya fi kowa tsira a gidan. Wannan hukunci ya haɗa da ruwan rubutu. Mai son ya nema wa jariri tsari sai ya karanta ya yi masa addu'a, kamar yadda Manzon Allah yake nema wa Hasan da Husaini tsari da baki.

Wa zai faɗa wa kaka wannan magana? Ba amaryar da ta yi haihuwar fari ba, wadda ko sunan ɗanta kunya ba ta barin ta faɗa. Ɗan kakar ne zai iya, cikin ladabi, kuma tun kafin ranar haihuwa. Aikinsa na biyu shi ne ya ciyar da mai jego da gaske, ba mako ɗaya kawai ba. Shari'a ma ta sauƙaƙa mata azumin Ramalana idan ta ji wa ɗanta tsoro kuma babu wata mai shayar da shi. Sai ta sha, ta rama daga baya, ta ciyar da mudu guda na Annabi a kan kowace rana.

Aska Da Cibiya

Ummu Ƙaisi 'yar Mihsanu ta zo wa Manzon Allah da ɗanta, ta riga ta sa yatsa ta danne masa maƙogwaro saboda wani ciwon wuya, kamar yadda matan Larabawa suka saba. Manzon Allah bai yarda da wannan ba. Ya tambayi dalilin da ya sa ake wahalar da yara haka, ya kuma nuna musu magani mai sauƙi a madadinsa. Buhari da Muslimu duk sun ruwaito wannan. In danna yatsa ya zama azabtarwa, to, yaya yanke belu da aska a bakin ɗan kwana uku? Belu ba cuta ba ce, halitta ce da Allah ya yi wa kowa. Yanke shi kan jawo zubar jini, da ƙin kama nono saboda zafin rauni, da ciwon sandarewa wanda likitoci ke kira tetanus idan askar ba ta da tsabta. Wanzami ba ya shiga gida sai maigida ya kira shi, kuma maigida ne ke biyansa. Aske gashin kai ran suna yana cikin sunna. Abin da ya wuce wannan al'ada ce, kuma al'adar da ke cutarwa ba ta da mazauni a shari'a.

Cibiya ma ƙofa ce a buɗe. Gasa ta da tsumma, ko shafa mata toka, ko man goge baki, duk hanyoyi ne da ƙwayar cuta ke bi ta shiga jini. A 2013 gwamnatin Jihar Sakkwato ta riga sauran jihohin Nijeriya sayen maganin shafa cibiya mai suna kuloheksidin, ta rarraba shi mazaɓa mazaɓa domin matan da ke haihuwa a gida. Ana shafa shi da hannu mai tsabta tun ranar haihuwa, ba a haɗa shi da komai, ba a kuma barin ya kusanci ido. Kuɗinsa bai kai na ƙwaryar goro ba. Ya cancanci ya shiga cikin kayan haihuwa tun ciki yana wata takwas.

Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, da fadamun Wurno sun kawo albarkar shinkafa da albasa da tafarnuwa, amma inda ruwa ya kwanta nan sauro ke haihuwa, rani da damina. Tun 2015 aka fara bi gida gida a Sakkwato da damina ana ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata wata, sai dai daga ɗan wata uku ake farawa. Wanda bai kai nan ba, gidan sauro ne kariyarsa. Abin takaici ne a ga gidan sauron da aka bayar don mai jego an kai shi lambu an rufe irin albasa da shi. Da hunturu kuma sai kaskon wuta ya shigo ɗaki, a rufe ƙofa da taga. An ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Manzon Allah ya yi umurni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ko babu gobara. Abin da ya fi ɗumama jariri shi ne ƙirjin uwarsa, fata da fata, da hula a kansa. A kwantar da shi rigingine, kada a tara masa tsummoki a fuska, kada kuma a sa shi tsakanin manya masu nauyin barci. Malamai sun yi magana a kan wadda ta danne ɗanta cikin barci ya mutu, suka lissafa shi cikin kisan kuskure mai kaffara, wanda ya nuna ba su ɗauki ran jariri ƙaramin abu ba.

Izini

Mafi yawan jariran da ke mutuwa a watan farko, a makon farko suke mutuwa, kuma sau da yawa tsakanin fara ciwo da cikawa bai fi kwana ɗaya ba. Alamun da ba a jira da su sanannu ne: jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko shawara ta bayyana tun ranar farko ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko cibiya ta yi ja tana wari. Gudawa har maɗiga ta faɗa alamar ƙarewar ruwan jiki ce, ba abin da za a liƙa wa magani a ka ba.

A nan ne jarirai da yawa ke salwanta ba don rashin asibiti ba. Maigida ya tafi kasuwar Achida, ko yana fadama, ko ya tafi cin rani kudu, matar kuwa ta ji a wurin wa'azi cewa mace ba ta fita sai da izinin miji. Sai ta zauna tana kallon yaro tana jira. Malamai ba su taɓa cewa izini ya fi rai ba. Fita domin lalura halal ce, ceton rai kuwa wajibi ne. Amma bai kamata a bar yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da wannan fatawa ita kaɗai da tsakar dare ba. Abin da ya dace shi ne miji ya ba da izini tsayayye tun da wuri, a gaban mahaifiyarsa da wani namiji na gidan, ya ajiye kuɗin mota da na magani a inda matar ta sani. Wannan izini ya haɗa da ranakun allurar rigakafi: ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da wata 9. Kyauta ake yin su a asibitocin gwamnati. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa kwamitin sarakunan Arewa a kan wannan aiki, kuma a 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a nahiyar Afirka. Ƙyanda da tarin shiƙa kuwa suna nan.

Neman magani ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna ribaɗi a Wurno, ya rasu a can a 1837, kabarinsa kuma yana nan, ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajis suna kai wa matan ƙauyuka karatu har cikin gidajensu. Mahaifinsu Shehu Usmanu ya yi kakkausan zargi a cikin Nurul Albabi ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Macen da aka bari ba ta san alamar ciwon ɗanta ba tana cikin waɗanda Shehu ya yi magana dominsu.

Girman yaro ma yana bukatar ido. Wajen wata biyu yakan fara murmushi, wajen wata huɗu ya riƙe wuya, tsakanin wata shida da tara ya zauna. Hankalinsa da bakinsa suna buɗewa ne da maganar da ake yi masa da wasan da ake yi da shi. Aƙra'u ɗan Habisu ya yi alfahari a gaban Manzon Allah cewa 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa wannan rashin jinƙai ne. Manzon Allah ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma taƙaita salla saboda kukan yaro. 'Yar reno mai shekara shida kuwa ita ma yarinya ce. Tana iya goyo a tsakar gida, amma ba a bar mata jariri kusa da murhu, ko tukunyar turara shinkafa, ko bakin rijiya ba.

Yaye, Saki, Da Maraici

Daga wata shida nono kaɗai ba ya isa. Koko tsararo cika ciki ne kawai. Sai an haɗa da gyaɗa ko waken soya, da kifi, da ƙwai, da zogale, da ɗan mai, nono kuma yana ci gaba. Inda ake kuskure babba shi ne in an yi kwanika. Da an gane ciki ya shiga sai a ce nono ya zama dafi, a cire yaro rana ɗaya a kai shi wurin kaka, bayan wata biyu ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja, a ce ya sha ciki. Ba cikin ya sha ba, yunwa ce. A cikin Muwaɗɗa akwai hadisin Judama 'yar Wahbi, cewa Manzon Allah ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya bari. Mai ciki mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa in ta sami abinci, yaye kuma a yi shi sannu sannu.

Idan aure ya mutu, haƙƙin yaro bai mutu ba. A mazhabar Maliku reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta yi wani aure da bare sai ya koma ga kakar wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa tana nan a kan uba duk inda yaron yake, kuma wadda aka saka sakin da ba kome tana da ikon karɓar ladan shayarwa. Ƙwace jariri daga ƙirjin uwarsa don a ƙuntata mata shi ne ainihin cutarwar da ayar ta hana.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar yana gadin wani ayari da dare ya ji yaro yana ta kuka, ya tarar uwar tana ƙoƙarin yaye shi da wuri domin baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Da gari ya waye sai ya sa aka yi shela cewa an yanka wa kowane jariri rabo tun daga haihuwa. Wannan hukunci ya shafi halin da gabashin Sakkwato ya shiga tun daga harin Tabanni na 2018, wanda ya tara 'yan gudun hijira a Gandi cikin ƙasar Rabah, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Jaririn da ya rasa uba, ko ya rasa uwa, kuma babu dukiya, rayar da shi farilla ce a kan jama'ar wurin. In wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Madarar gwangwani tana da tsada, kuma a sansanin da babu tsabtataccen ruwa haɗari ce. Abin da ya fi shi ne a nemi mai shayarwa daga dangi ko maƙwabta, a duba lafiyarta a asibiti, masu hali su ɗauki abincinta. Sai dai a tuna cewa a wurin Malikiyya nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyu, ko tsotso ɗaya ne, yana haramta aure kamar yadda jini ke haramtawa. Don haka a rubuta sunan yaron da na wadda ta shayar da shi da na mijinta, a gaban shaidu biyu, a ba limamin unguwa ya ajiye.